Buhun da Ba a Rubuta wa Suna Ba

Ɗakin kwanan ɗalibai mata, Kano
17 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga ƙawata Jannatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya maigidanki, ya zafin Kibiya, ya ɗinki? Allah Ya sa kowa ƙalau. Ni dai lafiyar jiki da sauƙi, ta rai kuwa ke kika san abin da kika yi mata.

Tunda kin toshe lambata, ga takarda, zan ba direban da yake zuwa garinku ranar kasuwa. In kin ga dama ki hura wuta da ita, amma ki karanta tukuna. Saƙon muryarki na saurare shi sau uku. Ni ce munafuka, Jannatu? Shekara shida muna kwano ɗaya a sakandare, kin san ba na cizo in hura. Ba ki tambaye ni ba, ba ki ji ta bakina ba, kika zazzage ni kika rufe ƙofa.

To ga abin da ya faru. Ranar Litinin na fito daga gwaji kaina yana sarawa, sai ga kiran Kawu Bello, ƙanin Innarmu, wanda kin san shi yake riƙe da shanunmu tun rasuwar Baffa mahaifinmu. Ya ce shanu huɗu sun faɗi a Zurgu bayan sun sha dusa da safe. Ciki ya kumbura, kumfa a baki, jiki yana rawa, ko awa ba a yi ba suka mutu. A cikinsu har da Gajera, jikar saniyar da aka ba ni ranar sunana, Gajerar da kike tsokanata kina cewa ita ce ƙanwata. Ina kuka na ce masa wannan alamun guba ne. Ya tambaye ni ko mutum yana iya zuba guba a kwami, na ce mai zai hana. Iyakar abin da ya fita daga bakina ke nan. Sunan babanki, Baba Alu, bai shigo ba, wallahi bai shigo ba.

Ashe Kawu daga ajiye waya sai ƙofar dagaci. Wai 'yarsu da take karatun binciken laifi a jami'a ta tabbatar guba ce, kuma kowa ya san wanda ya yi alkawarin zuba ta. Ni da na tabbatar! Jannatu, shekarar share fage nake yi. Makina bai kai ba aka ce in zauna shekara guda ana maimaita mana Kemistiri da lissafi, in na ci sannan a ba ni aji ɗaya. Binciken laifin ko ƙofar ajinsa ban taɓa leƙawa ba. Abin da na iya shi ne wanke kwalba da ɗiga ruwa har ya sauya launi. Shi ɗin ma makon jiya Malama Saude, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje, ta tuttular da aikina na awa biyu a kwata ta ba ni sifili, don kawai ban rubuta suna a jikin kwalbar ba. Ta ce kwalbar da ba suna shara ce. Na ce mata na san abin da yake ciki, ta ce ita ba ta sani ba, wanda zai shigo bayana ma bai sani ba. Matar nan ba ta da ɗigon tausayi. Wannan ce ƙwararriyar da ake yawo da sunanta a Zurgu.

Amma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, bari in faɗa miki wadda ba za ki so ba. Shi ma Baba, me ya kai shi cewa a gaban mutane duk saniyar da ta sake shiga gonarsa ba za ta fita da ƙafarta ba? Na san shanunmu sun yi masa ɓarnar dawa da kaka, na san ransa ne ya ɓaci. Amma magana zarar bunu ce. Ban ce shi ya yi ba. Na ce shi ya miƙa wa Kawu sandar da yake dukansa da ita.

Ki buɗe lambata mu yi magana kamar mutane. Ki gaida maigidan, ki gaida mahaifiyarki Uwa in kin je gida.

Taki, wadda ranta yake ɓace,
Mufida


Kano
27 ga Afrilu, 2025

Jannatu,

Sallama irin ta addini, da fatan kin tashi lafiya, ke da mutanen gidan. Direba ya ce ya ba ki takardar hannu da hannu, kin karɓa da yatsa biyu kamar an miƙo miki mushe. Ba komai. Ga wata.

Inna ta faɗa mini abin da ke ba ki faɗa ba. An hana Baba Alu kiran sallah. Shekara ashirin da wani abu yana ladanci a masallacin unguwarmu, da muryarsa muka koyi sanin lokacin ɗora tukunya, yau wai dattawa sun ce ya ɗan dakata har a wanke shi. Sun ba Ramalan, mai murya kamar ana jan langa-langa a ƙasa. Kuma dagaci ya sa rana, goma ga watan gobe, ko Baba ya dafa Alƙur'ani ko maganar ta tafi wajen 'yan sanda a Rano. Shi kuma ya ce tunda yake bai taɓa rantsuwa a kan abin duniya ba, ba zai fara da furfura a kan saniya ba. Da na ji sai da na kasa cin abinci. Na janye abin da na rubuta a kansa a takardar farko, bai kamata in faɗa miki shi a wannan lokaci ba.

Na kira Kawu na ce ya cire sunana daga bakinsa. Ya ce ashe boko rashin kunya ake koya mana, ya kashe. Ki ji aikin da suka yi. Kafin malamin dabbobi ya iso sun binne shanun, sun wanke kwamin tas da toka, sun share wurin. Ba wanda ya duba ko sawun baƙo ya zo wajen, ba wanda ya tambayi wa ya kwaɓa dusar, daga ina aka ɗebo ruwan. Sun riga sun sami mai laifi, me za su yi da tambaya? Yanzu Kawu ba shi da aiki sai zaman teburin mai shayi, daga Dawaki zuwa Madachi, yana ba da labari yana ƙara masa gishiri.

Shekaranjiya kuma sai ga saƙonsa a tasha. Baƙar leda, an ƙulle bakinta tamau, a ciki ragowar dusar da Inna ta kwashe daga bokitin kwaɓi kafin a wanke. Wai in sa a inji ya fito da sunan gubar kafin ranar zama. Shi a ganinsa akwai wani inji a jami'a da ake zuba dusa ta nan, sunan Alu ya fito ta can.

Duk da haka na ɗauka na kai wa Malama Saude, don na ce ko banza gaskiya ta fito. Ko taɓawa ba ta yi ba. Ta jero mini tambayoyi: wa ya ɗiba, daga ina, ranar yaushe, hannu nawa ta bi kafin ta zo nan. Na ce ban san duka ba. Ta ce to ko da ta gwada ta ga guba, ba alƙalin da zai saurare ta, don wa ya san ba a mota aka zuba ba. Ta ce wannan shi ne darasin farko na karatun da nake hanƙoron shiga, kuma na faɗi tun kafin a ɗauke ni. Jannatu, da ba don tarbiyya ba da na gaya mata magana. Mutuncin dattijo yana zubewa, ita tana yi mini lacca.

Har na kai ƙofa ta kira ni, ta ce in kwance ledar a waje in shinshina daga nesa, hanci ba ya buƙatar izinin kowa. Na kwance. Wani wari ya doke ni har hawaye, irin warin fitsarin da ya kwana a kwata. Dusa in ta lalace tsami take yi, na san warinta tun ina yarinya, wannan ba shi ba ne. Ba kuma warin maganin feshi ba ne, ba na ɓera ba. Malama ta tambaye ni me da me ake sa wa dusar a gidanmu. Na ce ruwa, da ɗan kanwa, da gishiri. Ta ce in je in kawo mata gishirin, ni da hannuna, in rubuta komai a jiki.

Ranar Asabar zan tafi gida. Ban san me take nufi ba, kuma haushinta bai sake ni ba. Ki ce wa Baba ina gaishe shi, in zai amsa.

Ƙawarki,
Mufida


Kano
5 ga Mayu, 2025

Jannatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Yau ba ni da doguwar gaisuwa, ki yi haƙuri.

Ba Baba ba ne. Ba kowa ba ne daga waje.

Na je gida, na shiga sito, Inna ta nuna mini buhun da Kawu ya ɗibi gishiri a ranar. Tsohon ya ƙare, wannan ya buɗe da sassafe, ya ɗibi kwano guda ya juye a dusa. Allah Ya taimaka tun ranar ba a sake ba su dusa ba, da garken duka ya tafi. Ina zura hannu na san da matsala, don gishiri yana da kaifi a hannu, wannan kuwa 'yan ƙwayoyi ne mulmulallu kamar gero. Na zuba kaɗan a cokali na ɗora a kan garwashi. Gishiri ba ya narkewa a wutar murhu, sai dai ya yi ta tartsatsi. Wannan nan da nan ya zama ruwa, warin nan na cikin leda ya tashi. Taki ne, Jannatu. Yuriya. Saniya in ta sha shi da yawa a jiƙe, ba ta kai awa.

Yanzu ki tambaye ni yadda taki ya shiga buhun gishiri. Kin san noma baƙonmu ne, bana damina ta uku da Kawu ya fara shuka masara. Ya rage rabin buhun taki ya jingine a sito kusa da kayan shanu. Da na zo hutun Sallah, Inna ta sa ni sharar sito. Na tarar ɓera ya huda buhun yana zuba. Na ga wani buhun gishiri da ɗan saura a gindinsa, na juye takin a ciki, na ɗaure da igiya, na jera shi da kyau, na yi ta jin daɗi na gyara wuri. Na ce a raina ai na san abin da yake ciki. Kwana biyu na koma makaranta ban faɗa wa kowa ba. Kawu kuwa idonsa ya fara yana, fari dai fari ne a wajensa.

Ni na kashe Gajera. Ni na kashe sauran ukun. Ni kuma na buɗe baki a waya na ce guba, da ilimin wata bakwai, har ina tura miki takarda ina cewa babanki ya iya bakinsa. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na wani. Tun ranar Asabar nake zagin kaina da duk zagin da kika yi mini, har da waɗanda ba ki tuna ba.

Inna ta kama hannuna tana kuka ta ce in yi shiru. Ta ce a tona rami a zuba buhun, a lallashi Alu ya rantse, magana ta mutu, ni ba a ce na kashe dukiyar marayu ba, Kawu bai ji kunya ba. Ban taɓa ɗaga wa Inna murya ba sai ranar. Na ce ashe mu kunyarmu ita ce kunya, ta maƙwabci ba komai ba ce. Na ba ta haƙuri daga baya, amma buhun na kulle shi a akwatina na taho da mukullin.

Yau na kai wa Malama Saude ɗan abin da na ɗebo, a kwalba, da suna, da rana, da wurin da aka ɗiba, da sunan wadda ta ɗiba. Ta gwada ta ce shi ne. Na faɗa mata sauran, ina jira ta tuna mini da sifilina. Ta ciro alƙalamin da take rubutu a jikin kwalabe ta ba ni, ta ce in tafi da shi gida. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar zan tsaya a gaban dagaci. Kada ki faɗa wa Baba tukuna, ina so ya ji daga bakin da ya ɓata shi.

Mufida


Kano
13 ga Mayu, 2025

Zuwa ga Jannatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da surukarki, da fatan zafin nan bai takura muku ba. An ce hadari ya fara haɗowa ta wajenku, Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Na san labari ya iso miki, amma labarin Zurgu kafin ya kai Kibiya ya yi ƙafa da hannu, don haka ki ji nawa. An cika a zauren dagaci, har waje. Da na shigo da buhu da kasko da cokali biyu, Kawu har murmushi yake, yana zaton injin na kawo. Na durƙusa na gaida manya, na roƙi izini. A cokali ɗaya na zuba gishirin kasuwa, a ɗayan na zuba na buhunmu, na ɗora duka a wuta. Ɗaya ya yi tartsatsi, ɗaya ya narke, warin ya cika zauren har liman ya toshe hanci da rawani. Daga nan na faɗi komai, tun daga sharar sito har wayar da na amsa. Ban tsallake ko ɗaya ba.

Kawu ya miƙe ya ce ƙarya ne, na ɗauki laifi ne don in ceci uban ƙawata, an saye ni da ƙawance. Dagaci ya ce ya ɗebi na buhun ya ɗanɗana in gishiri ne. Ya zauna.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da Baba ya yi. Bai kalle ni ba. Ya matso ya zura hannu a buhun, ya murza da yatsa biyu, ya kakkaɓe. Ya ce shekara arba'in yana zuba wannan a gindin dawa, ko a duhu ya taɓa ya san shi. Da ranar da shanun suka faɗi an kira shi a matsayin maƙwabci an nuna masa buhun, da kafin ruwa ya tafasa ya faɗa musu, ba sai an je jami'a ba. Katangarmu ɗaya da shi, Jannatu. Aka tsallake manomin da yake bayan katanga aka kira ni a Kano, ni kuma na amsa kamar na sani. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wannan karon a wuyan wani ya ɗaure.

Dagaci ya wanke shi a gaban kowa, ya sa Kawu ya ba shi haƙuri. Ki zo ki ga haƙurin. Mutumin da ya yi kwana ashirin da bakwai yana shela a teburin mai shayi, sai ga shi yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori, na bayansa ma bai ji ba. Dattawan da suka karɓe ladanci kuwa kowa ya sunkuyar da kai, wai dama su ba su taɓa yarda ba. To wa ya yarda? Aljanu? Har yanzu in na tuna fuskokinsu jinina tafasa yake. Na gaya wa Kawu a gida, da ladabi iyakar iyawata, cewa duk bencin da ya zauna ya ɓata sunan Baba sai ya koma ya gyara. Ya ce ba ni ba shi. Da na ga haka, washegari kafin in hau mota na bi ta wajen masu nono a Rano, inda Inna take da ƙawaye, na faɗa musu da bakina. Kin san su, sun fi rediyo.

A ranar zaman, lokacin la'asar ya yi muna zauren. Liman ya ce Malam Alu ya tashi ya kira. Baba ya ce muryarsa ta dushe, a bar wa Ramalan. Ya ɗauki takalmansa, aka ce a sahun ƙarshe ya yi sallah. Na bi shi gida na durƙusa a ƙofar ɗakinsa. Ya ce ya yafe, ya yi mini ta'aziyyar Gajera, ya ce in koma in yi karatu da kyau don garin nan yana buƙatar wanda zai riƙa tambaya kafin ya yi magana. Uwa ko kallona ba ta yi ba, kuma ban ga laifinta ba.

Kafin in taho na shiga sito da alƙalamin Malama. Ba buhu, ba jarka, ba gwangwanin da ban rubuta wa suna ba, da boko da ajami, takin kuma na mayar da shi ɗakin kaji can nesa da kayan shanu. Jarrabawar da za ta kai ni aji ɗaya saura mako uku. Da ina karatun nan ne don a ce 'yar Zurgu tana jami'a. Yanzu in na buɗe littafi, hannun Baba nake gani yana murza takin nan.

Ba zan ce ki buɗe lambata ba, na daina. Kina da gaskiya, kalmar ce kawai kika zaɓa ba daidai ba, don ni ba munafuka ba ce, wawuya ce mai saurin baki. Na roƙi Inna duk azahar ta kira ni ta ɗaga wayar sama ta saitin masallaci. Jiya Ramalan ne. Yau ma Ramalan ne. Ranar da na ji muryar Baba zan hau motar Kibiya in zo ƙofarki, in kin ga dama ki bar ni a tsaye. Kafin ranar ba ni da fuskar da zan zo da ita.

Ki gaida kowa. Allah Ya huci zuciyarki.

Wadda ta juye buhun,
Mufida